Gidan Yarin Mata a Talabijin da Wanda Ke Bayan Katanga

A 1979 tashar Network Ten ta Ostareliya ta fara nuna wani shiri mai suna Prisoner, labarin matan da ke tsare a wani ƙagaggen gidan yari da aka raɗa wa suna Wentworth. Da farko gajeren shiri aka yi niyya, amma masu kallo suka riƙe shi har 1986, bayan fitowa 692. A ɗakin wankin gidan akwai wani ƙaton injin guga mai tururi, irin wanda ake dannawa ya rufe a kan zanin gado. Ba kowa ke taɓa shi ba. Wadda ke tsaye a gabansa ita ce shugabar fursunoni, abin da ta faɗa shi ne doka, wadda kuma ta saɓa mata hannunta ake turawa ciki a danne. Tun a farkon shirin aka yi wa wata sabuwar shiga haka, wadda ake zargi da binne ƙaramin yaro da ransa.

Fiye da shekara 40 ke nan, injin nan bai huce ba. Da aka sake gina labarin a 2013 da sunan Wentworth, aka yi fitowa 100 zuwa 2021, yana nan a ɗakin wanki yana jiran hannu. Daga nan Holan da Jamus da Beljiyam suka sayi labarin suka yi nasu, Turkiyya ma ta yi nata a 2018 da sunan Avlu.

Duk wanda ya kalli biyu ko uku cikin irin waɗannan shirye-shirye zai iya rubuta fitowar farko ta na huɗun da kansa. Mota ce za ta tsaya a bakin ƙofar ƙarfe. A sauko da wata mace da ko a ofishin 'yan sanda ba ta taɓa kwana ba, a karɓe mata waya da zobe, a sa ta tuɓe a caje ta, a miƙa mata bargo da kofi da lamba. Kafin ta kai ɗakinta ta riga ta taka ƙafar wadda ba a takawa. Akwai shugaba, akwai mai hanƙoron ture ta, akwai tsohuwar da ta daɗe har ta manta yadda waje yake. Akwai mugun gandiroba, akwai kuma shugabar gida mai son gyara wadda na sama suka ɗaure wa hannu. Ƙwaya tana shigowa ta kicin ko ta wurin masu ziyara, zango kuma ba ya ƙarewa sai da bore ko gobara ko gawa. A Vis a Vis na Sifaniya, wanda ya fito a 2015, sabuwar shigar ma'aikaciya ce da maigidanta kuma masoyinta ya sa ta ɗauki laifin almundahanarsa. A Lockdown na Afirka ta Kudu, 2017, shahararriya ce da saurayinta ya jefa a rikicin ƙwaya, ta tarar da mata biyu suna jan igiyar mulkin gidan. Harshe ne da kalar yunifom suka bambanta.

Ba rashin basira ke kawo wannan maimaici ba. Matsalar a cikin gidan yarin kansa take: wuri ne da aka gina musamman don kada kome ya faru. A tashi, a ƙidaya mutane, a yi layin abinci, a yi aiki idan akwai, a sake ƙidaya, a kulle. Gobe ma haka, jibi ma haka. Azabar da ke cikinsa ita ce wannan maimaicin, shi kuwa shiri mai dogon zango dole a kowane minti 45 wani abu ya fashe, in ba haka ba mai kallo ya canza tasha. Marubuci ba shi da yadda zai ɗauki hoton wata shida na zaman jira. Don haka sai ya ari injin da aka riga aka gwada a finafinan kurkukun maza, wato gungu, da shugaba, da wuƙar da aka wasa daga cokali, ya ɗora wa mata.

Sai matsala ta biyu, wadda a ganina ta fi ta farko karkatar da hoton, ba a kuma cika lura da ita ba. Shiri yana buƙatar jarumansa su zauna. In an ɗauki jaruma kwantiragin shekara biyar, masu kallo kuma suka saba da ita, ba za a sake ta a fitowa ta shida ba. Ke nan dole laifinta ya zama babba, kisa ko yunƙurinsa, in kuma ƙarami ne a nemo dalilin ƙara mata wa'adi. Bea Smith ta Wentworth ta shiga ne bisa zargin yunƙurin kashe mijin da ke jibgarta, kafin a je ko'ina ta yi kisa a cikin gidan, daga baya ta tsere ta sake yin wani a waje, ta samu ɗaurin rai da rai. A Orange Is the New Black na Netflix wata dabarar aka yi: hukuncin jarumar wata 15 ne, amma aka ja lokacin labarin har ya cika zango 7 da fitowa 91, daga 2013 zuwa 2019. 'Yan wasan sun tsufa da shekara shida a gaban idonmu alhali a labari ba a fi shekara ɗaya da 'yan watanni ba.

Gidan yarin mata na gaske ya fi kama da tashar mota: wasu na sauka, wasu na hawa, kaɗan ne ke kwana biyu. A Ingila da Wales mata kimanin kashi 4 cikin ɗari ne na fursunoni, fiye da rabin waɗanda ake yanke wa ɗauri kuma wata shida ne ko ƙasa, galibi kan laifin da babu zubar da jini, sata a kanti na gaba-gaba. A Amurka, wadda ta fi kowace ƙasa yawan mata a tsare, kusan rabinsu a gidajen wakafi na ƙananan hukumomi suke, mafi yawan waɗannan kuma ba a ma yanke musu hukunci ba, kuɗin beli ne ya gagara. A duniya baki ɗaya, ƙidayar da cibiyar binciken manufofin shari'a ta Birkbeck a Landan ta fitar a 2022 ta nuna mata da 'yan mata fiye da 740,000 ne a tsare, kimanin kashi 7 cikin ɗari na duka fursunoni. Adadin ya ƙaru da kusan kashi 60 tun 2000, na maza kuwa da kashi 22 ko makamancin haka. Ba masu kisa ne suka ƙaru haka ba. Dokokin ƙwaya ne aka tsananta, talauci kuma ya yi nasa aikin. Matar da za ta yi wata uku ba ta da lokacin neman sarautar ɗakin wanki. Hankalinta na kan haya, da wanda ke riƙe mata yara, da ko za ta tarar da kayanta a titi.

Wannan ba yana nufin gidan lafiya lau yake ba. Ana faɗa, ana cin zali, ana bin bashin taba da ƙwaya. Amma jinin da ya fi zuba a can, mace ce ke zubar da nata da hannunta. A Ingila, wannan kashi 4 ɗin ne ke ɗauke da rubu'i, wasu shekarun fiye, na dukan rahotannin yankan jiki da sauran cutar da kai a gidajen yari. Tsakanin 2002 da 2003 mata shida suka mutu a gidan yarin Styal cikin shekara guda, abin da ya sa gwamnati ta ɗora wa Baroness Jean Corston bincike. Rahotonta na 2007 ya ce mafi yawan waɗannan mata ba wurinsu ke nan ba: masu taɓin hankali ne, da masu fama da shaye-shaye, da waɗanda aka daɗe ana duka ko lalata da su tun kafin su aikata abin da ya kai su. Ta ba da shawarar a maye gurbin manyan gidajen da ƙananan cibiyoyi kusa da garuruwansu. Ba a yi ba. An dai rufe gidan yarin mata na Holloway da ke Landan a 2016, aka rarraba matan zuwa wurare masu nisa. Talabijin na taɓa wannan gefen, amma a gurguje, domin mace ita kaɗai a ɗaki da reza ba abokiyar gaba gare ta ba, babu wanda mai kallo zai tsana.

Inda shirye-shiryen ba su ƙara gishiri ba shi ne cin zarafin da ma'aikata ke yi. A nan ma dai sun sauƙaƙa abin ta wata hanya. Suna tattara muguntar duka su zuba wa mutum ɗaya: Joan Ferguson mai baƙar safar hannu a shirin Ostareliya, ko Jim Fenner a Bad Girls na ITV, wanda aka nuna daga 1999 zuwa 2006. Ranar da aka ga bayansa, mai kallo ya yi ajiyar zuciya ya je ya kwanta. A gidan yarin tarayya na Dublin da ke California kuwa ba mutum ɗaya ba ne. Shugaban gidan da kansa kotu ta samu da laifin lalata da fursunoni a 2022, shi ne kuma ya taɓa jagorantar horar da ma'aikata kan dokar hana fyaɗe a kurkuku. An ɗaure limamin cocin gidan, an gurfanar da wasu ma'aikatan da dama, matan da suka kai ƙara kuma sun ce an rama a kansu da kullewa a ɗakin kaɗaici. A 2024 aka rufe gidan ɗungurungum. Abin da ya ba wa wannan ɓarna tsawon rai ba wani hatsabibi ba ne, tsari ne: wanda za ki kai wa ƙara shi ne abokin wanda ya yi miki, shi ke riƙe da wasiƙunki da ziyararki da ranar fitarki. Dokokin Majalisar Ɗinkin Duniya da aka sa wa sunan Mandela a 2015 sun ce mata ne kaɗai za su riƙa kula da fursunoni mata, kada namiji ya shiga ɓangarensu sai da rakiyar ma'aikaciya. Ƙasashe da yawa, har da masu arziki, ba sa bi.

Akwai kuma batun ƙofar da ake shigar da mu. Piper Kerman, wadda littafin tarihin zamanta ya zama tushen shirin Netflix, 'yar boko ce daga gidan rufin asiri, Baturiya, ta ɗauki jakar kuɗin ƙwaya a 1993, shari'a ta cim mata bayan shekaru, ta yi wata 13, mafi yawa a gidan yarin Danbury da ke Connecticut. Mai shirya shirin, Jenji Kohan, ba ta ɓoye dalilin zaɓenta ba. A wata hira da gidan rediyon NPR a 2013 ta ce ba za ka iya sayar wa tashoshi labarin baƙaƙen mata da 'yan Latin da tsofaffi masu laifi ba, amma in ka sa farar yarinya irin ta maƙwabta a gaba, ka bi ta ka shiga, sai ka ba da labarin sauran duka. Dabarar ta ci. Da tafiya ta yi nisa, masu kallo suka gaji da jarumar, wadda ita ma aka sa wa suna Piper, suka koma wa wata baƙar fursuna mai suna Taystee, wadda ta tashi a hannun riƙo, aka sake ta ta rasa inda za ta sa kanta har ta gwammace ta dawo.

A nan ne shirin ya yi abin da ya cancanci yabo. Kusan kowace fitowa tana komawa baya ta nuna rayuwar mace ɗaya kafin ƙofa ta rufe. Wadda ka ɗauka mahaukaciya ce ko muguwa, sai ka gan ta tana yarinya, ka ga inda hanya ta karkace. Ya kuma nuna abin da ke faruwa idan kamfani mai neman riba ya karɓi gidan: a rage ƙwararrun gandirobobi, a ɗauko sababbi ba horo, a cusa gadaje, a kawo abincin leda. Mutuwar wata baƙar fursuna mai suna Poussey a zango na huɗu, 2016, daga nan ta fito. Ba mugun cikin ma'aikatan ne ya kashe ta ba, wani yaro ne mara horo ya danne ta da gwiwa a ƙasan ɗakin cin abinci har numfashi ya ɗauke, shekara biyu bayan mutuwar wani baƙar fata mai suna Eric Garner a hannun 'yan sandan New York. Wannan fitowar ta fi duk wata wuƙa da aka zare a shirin gaya mana yadda mutane ke mutuwa a tsare. Amma ko shi, da ya zo zango na biyar, bore na kwana uku ya ba wa zangon gaba ɗaya. Kasuwa ba ta yafe wa kowa.

Dabarar komawa baya ita ma tana da nata aibin. Tana koya wa mai kallo cewa sai ya ga dalili mai taɓa zuciya kafin ya tausaya. To wadda ba ta da irin wannan labarin fa, wadda ta yi satar don kwaɗayi kawai? Ita ma audugar mata take buƙata a ƙarshen wata.

Na ambaci auduga da gangan, domin a irin waɗannan ƙananan abubuwa ne talabijin ke faɗin gaskiyar da ba a ƙirƙira. A farkon shirin Netflix, Piper ba ta da silifas ɗin shiga banɗaki domin kuɗinta bai iso kantin gidan ba, sai ta ɗaura audugar mata a tafin ƙafa. Abin dariya ne a allo. A zahiri kuwa sai a ƙarshen 2018, da dokar First Step, majalisar Amurka ta wajabta ba wa mata auduga kyauta a gidajen yarin tarayya, ta kuma hana sa wa masu ciki sarƙa. Kafin nan, da ma har yanzu a wurare da yawa, a ƙidaye ake bayarwa, wadda tata ta ƙare ta roƙi gandiroba ko ta saya ko ta yaga zani. Duk abin da aka ƙayyade kuma ya zama kuɗi, wanda ke rabawa ya zama mai iko. Ba a buƙatar injin guga.

Babban abin da ya raba kurkukun mata da na maza dai shi ne 'ya'ya. Wani binciken Ma'aikatar Shari'ar Amurka na 2008 ya tambayi iyayen da ke ɗaure wa ke riƙe da yaransu. Kusan tara cikin goma na maza suka ce uwar yaran. Cikin mata, waɗanda suka ce uban ba su kai huɗu cikin goma ba; kakanni ne suka fi ɗauka, wasu kuma hukuma ta kwashe. Namiji in an ɗaure shi, gida yana nan yana jiransa. Mace in an ɗaure ta, sau da yawa gidan ne ke watsewa. Da yake kuma mata kaɗan ne, gidajensu kaɗan ne, don haka nesa suke: duk Wales babu gidan yarin mata ko ɗaya, sai a kai su Ingila. Wurin da ya fi zafi a gidan shi ne layin waya. Mace ta tsaya, wasu goma na bayanta, kuɗin katinta na zuba, tana ƙoƙarin jin ko an kai ƙaramin asibiti, babbar kuma ta ƙi karɓar wayar.

Shirin da na ga ya ɗauki wannan da muhimmanci shi ne zango na biyu na Time, wanda BBC ta nuna a 2023, rubutun Jimmy McGovern da Helen Black. Fitowa uku ne kacal, kuma gajartar ce ta cece shi, tunda ba ya buƙatar riƙe kowa shekara biyar. Orla uwa ce mai 'ya'ya uku ba miji, laifinta taɓa mitar wuta don ta rage kuɗin lantarki, laifin da a unguwanninmu ko maƙwabci ba zai ɗaga kai a kansa ba. Ta tafi kotu da safe ba ta shirya wa yaran kome ba, don ba ta zaci za a ɗaure ta ba. Aka ba ta wata shida. Kafin ta fito aikinta ya tafi, gidan haya ya tafi, yaran suna hannun hukuma, ba za a mayar mata da su ba sai tana da muhalli, muhallin kuma ba ya samuwa. Ranar sallama tanti aka miƙa mata. Wanda bai sani ba zai ce marubutan sun zuzuta, amma a 2016 masu duba gidajen yari na Ingila sun ruwaito cewa an ba wa wasu mata tanti da jakar barci da za su fita daga gidan yarin Bronzefield.

A wannan Bronzefield ɗin ne, wanda ya fi kowane gidan yarin mata girma a Turai, wata yarinya 'yar shekara 18 da ke jiran shari'a ta haihu ita kaɗai a ɗakinta cikin dare a watan Satumba na 2019. Ta danna ƙararrawa sau biyu tana neman ma'aikaciyar jinya, ba wadda ta zo. Da haƙori ta yanke cibiya. Da safe aka tarar jaririyar ta rasu. A lokacin, kusan shekara tara ke nan da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da Dokokin Bangkok, guda 70, a watan Disamba na 2010, waɗanda suka hana sa wa mace sarƙa a lokacin naƙuda, suka hana kulle mai ciki ko mai shayarwa a ɗakin horo, suka kuma ce a fifita hukuncin da ba ɗauri ba ga mai ciki da mai ƙananan yara in laifin ba babba ba ne. Haihuwa a kurkuku na cikin abin da kusan kowane shiri ke nunawa, sai dai a allo akwai ƙawaye kewaye da mai naƙuda, ana bubbuga ƙofa, a ƙarshe wani ya rugo da makulli.

Ba za a yi wannan magana a tsallake maɗigo ba, tunda shi ne abin da mutane da yawa a nan suka fara sani game da waɗannan shirye-shirye, shi ne kuma dalilin da wasu ke ƙaurace musu. Gaskiya ne ana samun irin wannan alaƙa a gidajen yari, gaskiya ne kuma masu shiri sun san tana jawo kallo. Tun finafinan arha da kamfanonin Amurka suka riƙa ɗauka a Filifin a farkon shekarun 1970, wurin wanka ya zama dole a labarin kurkukun mata. Abin da aka fi dannewa shi ne wata alaƙar da masu bincike suka daɗe da gani. Rose Giallombardo, wadda ta yi nazarin gidan yarin mata na Alderson a West Virginia ta wallafa a 1966, ta tarar matan suna ƙulla dangi a tsakaninsu: wannan uwa, wannan 'ya, waccan yaya, har da kaka. Uwar tana ajiye wa 'yar abinci, tana yi mata faɗa, tana shiga tsakani in rigima ta taso. Wanda ya san uwar ɗaki da 'yar ɗaki a makarantar kwana ta 'yan mata ba sai an yi masa dogon bayani ba. Maza a tsare suna gina gungu don kariya da kasuwanci, matan nan kuwa abin da aka raba su da shi suke sake ginawa. Shirin Netflix ya nuna ɗan wannan a Red mai kicin da 'yan matanta, amma tallan ba a kansa ake yi ba.

Wanda ya fi kusa da rayuwar da muka sani daga Masar ya fito. Sijn al-Nisa, wato kurkukun mata, an nuna shi a azumin 2014, Kamla Abu Zikri ta ba da umarni, Maryam Na'um ta rubuta daga wasan Fathiyya al-Assal, marubuciyar da ita kanta ta sha ɗauri saboda siyasa. A gidan yarin Ƙanaɗir da ke arewa da Alƙahira aka kafa labarin, inda aka tsare likita kuma marubuciya Nawal al-Sa'adawi a 1981, ta riƙa rubutu a takardar banɗaki da jagirar da wata fursuna ta ara mata. Jarumar shirin, Ghaliya, wadda Nelly Karim ta fito a matsayinta, ba baƙuwa ba ce da mota ta sauke. Gandiroba ce, ta gaji aikin daga mahaifiyarta, talaka kamar waɗanda take kullewa. Namijin da ta mace a kansa ne ya yi ta tatsarta har ta wayi gari a ɗaya gefen ƙofar, sanye da fararen kaya, abokan aikinta na jiya suna ƙidaya ta. Kusan rabin shirin a waje yake: ɗakin haya, gidan da 'yar aiki ke wanke-wanke, titin dare. Ra'ayinsa a fili yake, cewa ɗaurin ya fara tun kafin a iso Ƙanaɗir. Yana da nasa kuka da kururuwa irin na wasan azumi, amma bai ari shugabar fursunoni daga Ostareliya ba.

A Masar ɗin akwai wani rukunin mata da ake kira garimat, waɗanda bashi ya kai kurkuku. Da yawansu iyaye ne da suka je wa ɗan kasuwa suka ɗauki firiji da injin wanki da katifa bashi don kayan ɗakin 'yarsu, suka sa hannu ko suka dangwala a takardar amana, wani lokaci ba a ma rubuta adadi ba. Biya ya gagara, takardar kuma a doka ta mai da bashin cin amana, laifin ɗauri. Ƙungiyoyin agaji kan biya musu, shugaban ƙasa kan yi musu afuwa a lokutan bukukuwa. Duk uwar da ta taɓa aurar da 'ya a Kano ko Damagaram ta san nauyin da ya sa waccan ta dangwala.

A Najeriya hoton ya ƙara nisa da na allo. Cikin mutum kimanin dubu 80 da ke tsare, mata wajen kashi 2 ne cikin ɗari. Ban da 'yan wurare kamar gidan mata na Kirikiri a Legas, galibinsu wani ɓangare ne aka kewaye musu a cikin gidan da aka gina don maza. Dokar 2019 da ta sauya wa hukumar suna zuwa ta gyaran hali ta tanadi wurin mata daban, da gwajin ciki a lokacin shiga, da wurin renon jarirai, sai dai tanadi a takarda daban, gini da kasafi daban. Kusan biyu cikin uku na duk waɗanda ke ciki kuma shari'a suke jira. Wannan kaɗai ya isa ya rushe tsarin da aka saba, domin jarumar shirin waje ta san wa'adinta, tana ƙirga kwana, labarin yana da inda ya dosa. Mai jiran shari'a ba ta da abin ƙirgawa. Ranar zama ta zo babu motar kai ta kotu, ko an kai ta alƙali ya tafi taro, ko ɗan sanda mai gabatar da ƙara an yi masa canjin wurin aiki, ko fayil yana ma'aikatar shari'a ana jiran shawara. A ɗage wata biyu. An ba da beli, amma sai da mai tsaya mata wanda ke da takardar fili ko ma'aikacin gwamnati mai wani mataki, dangin kuwa sun ɗauke ƙafa tun ranar da labari ya bazu a unguwa, don abin kunya ne a ce 'yar gidan wane tana gidan yari, kunyar da ɗa namiji ba ya jawowa haka.

Marubucin Kannywood da zai ɗauki wannan, yanzu da shiri mai dogon zango ya zama abin yayi a YouTube da tashoshi, zai ga aikin ya zo masa da sauƙi ta gefe guda. Ba sai ya sa jarumarsa ta kashe kowa ba kafin ya riƙe ta zango huɗu, ɗage zaman kotu kaɗai zai yi masa wannan. Wahalarsa ita ce ba shi da mugu guda da zai nuna wa kyamara, sai magatakarda da direba da ɗan sanda da kawu, kowannensu da uzurinsa mai kama hankali.